Tantabarun Mai Shuɗin Zane

A ƙauyenmu, kusa da Bakori, in an gama girbi an kai dawa rumbu, hira takan koma bakin murhun Iya, kakarmu. Tana kaɗi, mu muna tsince mata auduga. Ni can baya nake raɓewa, don ko a makarantar allo ba a cika jin muryata ba. Kallo ne aikina.

Wata rana bayan isha'i ta ba mu labarin wata tsohuwa mai tantabaru a wajen Maska. Kullum da hantsi takan fito da shuɗin zane da farar ƙwarya, ta watsa musu dawa. Da ciwo ya kwantar da ita, sai jikarta ta fito da ƙwaryar, amma da nata zanen. Rabin tantabarun suka sauko. Sauran suka lafe a kan ɗaki, kwana biyu ba su ci ba, ga shaho yana shawagi.

"Sai ta kamo su ta ɗura musu," in ji ƙanena Sale.

"Ji maigidan nan nawa," in ji Iya. "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa."

Ban san lokacin da na ce, "Zanen suke jira" ba.

Iya ta tsayar da mazari ta dube ni. "Ashe kina da baki, ƙawata."

Haka kuwa aka yi a labarin. Jikar ta ɗaura zanen tsohuwa, ta fito ba ƙwarya, sauran tantabarun suka sauko har kafaɗarta. "Tare suka ga zane da ƙwarya," in ji Iya, "amma kowacce da abin da idonta ya riƙe."

Iya ta rasu tun ina budurwa. Bayan shekaru na tsorata da na gane fuskarta ta ɓace mini. Abin da ya rage yatsunta ne, fari fat da allin kaɗi. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa, sai da Sale ya kawo mini ziyara Dandume inda nake zaune, gemunsa duk furfura, na daure na tambaye shi.

Ya ce shi bai tuna yatsun ba, amma wushiryarta, da yadda take kanne ido ɗaya in za ta ƙara wa labari gishiri, kamar yau ya gan su.

Na gyara zama. "To, faɗa mini a hankali. Fara daga goshi."