Karen da ya tare Alhaji a zaure

Ina 'yar ƙarama, ko tallan fura ban fara ba, Baba ya ɗaure kayansa ya kama hanyar gabas da ƙafa, zai je Makka. A wancan zamani haka talaka ke yi, ya tafi yana ƙodago a hanya, in da sauran kwana ya dawo bayan shekaru. Ya bar ni da Inna da 'yan awaki a Kurfi, ya damƙa amanarmu ga wansa, wanda nake kira Baffa. Baffa ya karɓi amana hannu bibbiyu, ya kai ta gida ya ajiye. Daga nan sai ranar Sallah muke ganin hularsa, ita ma daidai lokacin kwashe tuwo.

Gidan da ba namiji kowa ya san shi. Aka sace mana akuya, kura kuma ta fasa danga ta ɗauke wata. Sai Inna ta yi magana da wata Bafillatana mai kawo nono daga wajen Birchi, ran kasuwa ta zo mana da ɗan kwikwiyo ja a naɗe cikin tsumma.

Ba mu raɗa masa suna ba, Kare kawai muke ce masa, yana kuwa amsawa. Inna ba ta taɓa sa masa hannu ba, kuma duk kwanon da ya lasa ni ke wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Amma kullum sai ta kankare masa ƙanzo tana mita, wai tuwon ne ya kama. Shi ke raka ni rijiya, shi ke bina talla, in ya dawo ya miƙe a bakin zaure. Mace ta shiga, yaro ya shiga, amma namiji baligi sai ya tsaya waje har Inna ta yi magana daga ciki. Ba wanda ya koya masa wannan. Tun da ya girma ko kaza ba mu sake rasawa ba, awaki suka yi ta haihuwa.

Na isa daka da kaina lokacin da labari ya zo cewa mota ta sauke Baba a Dutsin-Ma. Washegari da hantsi sai ga shi, jama'a na biye, mata na guɗa. Ban gane shi ba. Wani siririn mutum na gani cikin farar riga, da haƙorin Makka da lema a hannu. Cikin ɗoki ba wanda ya tuna a ɗaure kare.

Baba ya sa kai zaure ba sallama, tunda gidansa ne. Kare ya miƙe ya tare hanya yana gurnani. Baba ya ɗaga lema, shi kuma ya cafki bakin rigar ya keta ta har gwiwa. Ko ƙwarzane bai yi masa ba. Amma wani a cikin taron ya tuntsire da dariya, kuma ni dai har gobe na san dariyar nan ce ta kashe karen.

Baffa ya riga kowa magana. "Subhanallahi! Kare gidan Alhaji? Na sha hwaɗa masu, ba su ji."

Ƙarya yake yi. Bai taɓa faɗa ba, tsoronsa kawai yake ji.

Inna ta durƙusa daga bayan ƙofa ta ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bai san ka ba ne. Shi ya riƙe muna gidan ga."

Baba ya dubi rigarsa ya ce, "Da rigar ga na shiga Madina. Kar rana ta hwaɗi yana da rai."

Na zube gabansa na ce, "Baba, dan Allah a maida shi ruga." Maganar da na fara yi wa ubana ke nan da wayona. Ya dube ni ya ce, "A'a, ɗiyar tawa ce ta girma haka?" Ya wuce ya zauna kan tabarma.

Baffa da 'ya'yansa suka yi ta zagaye, kare ya ƙi bari su matso. Ƙarshe Inna aka sa. Ta ajiye masa ƙanzo, yana ci ta zura masa igiya a wuya, ta shafa kansa. Ranar ce kaɗai ta taɓa shi. Suka ja shi zuwa kwazazzabon bayan gari da kulake, kuma daga tsakar gidanmu ana jin komai.

Ba a gaisuwar kare. Gida ya cika da masu barka, ana rabon dabino da ruwan zamzam, ni ke kai fura zaure ina share ido. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, kukan murna take." Wata maƙwabciya da ta gane ta ce in rufa wa kaina asiri, kada a ji ɗiyar Alhaji na kukan najasa. Na tsani Baba a ranar, na daɗe kuma ban huce ba. Baffa kuwa har ya koma ga Allah ban daina jin ɗacinsa ba.

Da gari ya waye Baba ya leƙa garke, ya ga awaki sun cika shi. Ya kira Baffa ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, ka riƙe amana. Allah shi saka." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce ai zumunci ne. Baba ya zaɓi akuyar da ta fi kowace girma, mai ciki, ya ba shi, ya ce ni in ja ta in kai.

Hanyar gidan Baffa ta bakin kwazazzabon take bi. Ungulaye sun riga ni zuwa. Na kau da kai na ja akuya, ita ma tana turjewa.

Da na isa, matar Baffa ta leƙo ta ce, "Shigo da ita can ƙurya ki ɗaure da kyau. Kin san garin ga da ɓarayi, mu kuwa ba mu da mai tsaro."