Kwanon Taubashina

A shekarar da aka kulle garin Daura saboda annobar korona, aka hana kasuwa ci, aka hana taron Juma'a, a shekarar ne jikina ya fara juya mini baya. Ni tela ne, zama ne sana'ata tun ina saurayi. Amma zaman shago daban, zaman gida daban. A shago mutum yakan tashi ya auna wani, ya leƙa maƙwabci, ya taka zuwa masallaci. A kulle kuwa ba abin da nake yi sai in ci, in kishingiɗa, in ja carbi, in sake ci. Da aka buɗe gari na koma kan keken ɗinki, sai na ji cikina yana riga hannuna isa tebur.

Ban damu ba. A wurinmu ƙiba ba abin kunya ba ce. In mutum ya yi jiki cewa ake yi hankalinsa ya kwanta, iyalinsa sun iya riƙonsa. Sai da ƙishirwa ta matsa mini, ga jiri duk lokacin da na ɗago daga ruku'u, har wata rana na zube a sahu, sannan 'ya'yana suka kai ni asibiti.

Likitar da ta duba ni ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce sukari ne, ga hawan jini yana biye da shi. Ta miƙo mini takarda, na ce, "'Yata, karatuna na ajami ne, faɗa mini da baki."

Ta ce, "Baba, magani zan ba ka, amma rabin maganin yana cikin kwanonka. Ba cewa na yi ka zauna da yunwa ba. Tuwon da ka saba ci ka raba shi biyu, ka cike gurbin da ganye da wake. Zogale, rama, yakuwa, duk suna bayan gidanku. Mai kaɗan. Lemon kwalba ka sallame shi, fura kuma ba sukari. Ka riƙa tafiya da ƙafa kullum har ka ji gumi. A hankali za ka ragu, kuma wanda ya ragu a hankali shi yake ɗorewa."

Na ce wannan ai mun karanta shi tun a zaure, cewa ciki kashi uku ne, abinci da ruwa da numfashi. Ta yi murmushi ta ce to saura aiki da shi.

A cikin gida abin bai yi wuya ba, maiɗakina ta karɓe shi hannu biyu. Wuyar tana ƙofar gida. A unguwarmu har yanzu muna ciyayya: bayan sallar magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, mu haɗu a kan tabarma ɗaya, a buɗe kwanon wannan a ci, a ture a jawo na wancan. Matan suna ciki ba sa ganinmu, amma kwano yana kai musu labari. Wanda ya koma a suɗe, mai shi ta kwana da farin ciki. Wanda ya koma da saura, sai ta yi ta tambayar kanta.

Cikin masu zama tabarmar nan akwai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawa nake ce masa tun muna yara, shi kuwa bai taɓa amsawa ba sai da baƙar magana. Fataucin man gyaɗa yake yi, yana sarowa daga Zango. Ya fi ni jiki, ya fi ni dariya, kuma miyar gidansa sai ka ture mai gefe kafin ka ga kuka. Abin alfaharinsa ke nan. Yakan ce gidan mai sayar da mai ba a tuƙa tuwon marayu.

Da ya ga na fara tsakurar abinci, wasa ya ɗauke shi.

"Malam, yau kuma kaza ce ta zauna a wurinka? Irin wannan tsince-tsince!"

"Ci naka, bawa. Ubangida ba ya wawaso."

"Ubangidan da yarinya ta hana shi tuwo! Da na san tsoron allura kake yi da tuni na saye ka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Haka muka tafi har watan cika-ciki ya kama, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai.

Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ranar cika-ciki. Ana ajiye jelar ragon layya musamman dominta, kuma tun muna yara ake gaya mana wanda bai cika cikinsa a ranar ba, da yunwa zai ƙare shekara. Matar taubashina tana da al'adarta tun tana amarya: ban da kwanon taro, takan aiko da wani daban ta ce na mijinta ne na wasa, wato ni. Langa ce fara mai jan baki. A ranar aka dire ta a gabana. Na buɗe. Tuwon shinkafa ne mulmule uku, miyar taushe, jelar rago kwance a kai, man shanu ya narke ya kewaye ta.

A lokacin ban daɗe da samun sauƙin jirin ba, tsoron faɗuwar nan a sahu bai sake ni ba. Na yi bismilla, na ɗauki loma ɗaya daga gefe, na mayar da murfi.

Taubashina ya tsaya da hannu a cikin nasa kwanon.

"Buɗe."

"Alhaji, ciki kashi uku ne."

"Yau ba ranar kashi uku ba ce. Tun azahar take kan murhu saboda kai."

"Allah ya saka mata. A raba wa yara."

"Yara sun ci nasu. Wannan da sunanka aka tuƙa."

Ya daɗe yana dubana, babu dariya a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. Sannan ya ce, "To, bar shi a rufe. Amma ka sani ina bin ka bashin kwanon nan." Langar ta koma cikin gida da nauyinta.

Da abin ya tsaya nan, da kwana biyu ya isa a manta. Sai dai na ci gaba da raguwa. Kullum bayan sallar asuba nakan bi ta wajen rijiyar Kusugu in zaga in dawo ta bakin kasuwa. Farkon abin gwiwoyina kuka suke yi, ina tsayawa ina dafa katangun mutane. Daga baya suka saba. Kumatuna suka faɗa, wuyan rigata ya yi mini yawa, na zauna na rage wandunana da hannuna. Barci ya dawo mini, ina yin sujada ba tare da numfashina ya toshe ba. Likita ta ce madalla. A unguwa kuwa ba wanda ya ce madalla. Wanda ya gamu da ni sai ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Allah ya sawwaƙe."

Mutumin da ya rame ba tare da ya kwanta ciwo ba, mutanenmu ba su da fassararsa sai guda: an ba shi wani abu ya ci. Da aka fara neman a ina ya ci, sai aka tuna da kwanon da ya buɗe a gaban jama'a, ya ɗanɗana, ya rufe. Ban san bakin da ya fara faɗa ba. Maiɗakina ce ta dawo daga gidan suna tana kuka, ta ce mata suna cewa matar taubashina ta yi mini barbaɗe a miyar cika-ciki, na gane tun lomar farko, amma lomar ta riga ta shiga.

Na yi iya yina. Na faɗa a tabarma, na faɗa a ƙofar masallaci, na fito da ƙwayoyin asibiti na nuna. Sai a gyaɗa kai a ce, "Malam mai rufa asiri ne, ba zai tona 'yan'uwansa ba." Duk lafiyar da na ƙara samu, shaida ce aka ƙara samu a kanta. Matan da suke sayen ƙuli-ƙulinta suka janye. Kwanon gidansu ya daina fitowa ciyayya, shi ma ya daina zama.

Na same shi a zaurensa yana jera jarkokin mai. Bai ce mini zauna ba, na zauna.

"Alhaji, a sake tuƙa mini kwanon nan. Zan cinye shi a gaban kowa."

"Na gaya mata haka. Ta ce hannunta ba zai sake tuƙa maka tuwo ba. In ka ci ka kwana da ciwon ciki fa? Sai a ce ta ƙarasa ka."

"To me zan yi?"

"Ka yi ƙiba." Ya juyo ya dube ni. "Ka mayar da kumatunka, kowa ya gani, a ƙyale mini mata. Wata biyu ya ishe ka."

Na ce, "In na mayar da su, kai za ka ɗauki makarata."

Ya ce, "To kowa ya riƙe abin da ya fi so."

Na fito. A hanya na yi ta juya maganar, kuma na sha juya ta bayan wannan. Rai amana ce, ba ni da ikon in ba da shi don a daina magana. Ita ma baiwar Allah ba ta yi komai ba sai alheri. Na rasa inda zan ajiye abin, sai na bar wa Allah, na ci gaba da tafiyata ta asuba.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Riƙe jikin ya fi sauke shi wuya. Da azumi ƙosai da kunun buɗa-baki suka dawo mini da wani abu, na ji zariya ta fara matse ni, sai na koma kan rabin tuwona ba tare da na azabtar da kaina ba. Da mutane suka ga ban mutu ba, har ina riga samari zuwa sahun farko, maganar barbaɗe ta mutu da kanta. Amma ba wanda ya je ya ba matar nan haƙuri. Muna gaisawa da taubashina a masallaci, gaisuwar baƙi, ba bawa ba ubangida.

Ina kallonsa yana ƙara cika. Na ga yadda yake yawo da gorar ruwa, yadda yake sallah a zaune. Wata rana na tare shi na ce ya je a auna shi. Ya ce ya riga ya samo hanyar da ta fi tawa sauri: wani jiƙo ya saya wurin masu tallar magani da lasifika a kan mota, wai yana narkar da kitse. Ya sha, ya yi kwanaki yana zawo, ya faɗa, ya fito yana nuna wa mutane wuyansa. Kafin kaka ta wuce jikin ya dawo har da ƙari.

A kasuwar Zango ya faɗi, yana tsaye ana ɗora masa jarkoki a mota. Aka dawo da shi ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace. Mutumin da muryarsa take cika unguwa ya koma sai an kasa kunne kafin a tsinci kalma ɗaya. Ina zuwa kullum in zauna kusa da shi in yi masa karatu. Ba ya korata, ba ya kuma dubana. A asibiti aka gaya wa matarsa irin abin da aka gaya mini. Bayan kwanaki sai ga ta a gidana, ita da ta yi shekaru ba ta tako shi ba, tana tambayar maiɗakina yadda ake miya ta yi daɗi ba tare da mai ya kwanta a kai ba.

Allah bai nufe shi da ganin girbin wannan shekara ba. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara. Amma ya ga cika-ciki.

A ranar, da na idar da magariba, ban zauna tabarmar unguwa ba, na wuce zaurensa. An jingina shi da bango, an tokare shi da matashi. Muna zaune sai aka turo kwano daga bayan labule. Langar nan ce fara mai jan baki, bakin ya ɗan ɓare. Ya sa hannunsa mai lafiya ya turo ta, da ƙyar, har ta taɓa gwiwata. Leɓensa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Biya."

Na buɗe. Tuwon dawa ne mulmule ɗaya, miyar kuka ba maiƙo, kwaɗon zogale a gefe, da ɗan tsokar nama ba kitse. Na yi bismilla. Na ci a hankali yana kallon kowace loma, ina jin numfashin matarsa a bayan labule. Na cinye tuwon, na cinye zogalen, na sa yatsa na suɗe miyar har ƙasan langar ya fito fari. Na kifa ta a gabansa don ya gani.

Na ce, "Bawa, na fita?"

Rabin fuskarsa ya yi dariya, ɗaya rabin yana nan yadda yake. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ba ya ji, na sa bakin rigata na share masa.

Ya ce, "Ka fita."

Na tura langar ƙarƙashin labule. Hannu ya fito ya ɗauke ta, na ji an ɗaga ta an jijjiga, ba komai a ciki.