Inci Arba'in da Shida

Talata: Kafanchan zuwa Kachia

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na nufi tasha. Rakiyar aboki ce ta fito da ni. Abokina Danladi, manomin citta daga Kagoro, ya yi wata uku yana ramewa har ya koma kamar sillen kara, asibiti suka tura shi Kaduna gwajin jini. Ni tela ne, shekara ashirin ina ɗinka masa kayan Kirsimeti, kuma bana sau biyu na rage masa wando da hannuna. Tsoro nake kada mu rasa shi.

Na iske shi ya sauka daga mashin, ya naɗe cikin rigar sanyi.

"Oga Tela, dokta ya ce kar na ci komai sai an ɗiba jini."

"Ai ni ba a ce mini ba," na ce, na sayi waina goma da shayi mai kauri.

Direba ya dube ni sama da ƙasa. "Alhaji, in gaba za ka zauna, kujera biyu ce."

Na biya ina jin daɗi. Ban taɓa taka Makka ba, tumbina ne ya saya mini alhajin. Mun tashi shida da kwata. Shinge uku muka wuce kafin Kachia, a na biyun wani soja ya leƙo ya nuna Danladi, ya ce, "Oga, ka riƙa ba ɗan'uwanka abinci mana." Duk motar aka yi dariya, tawa ta fi ƙarfi. Takwas da rabi muka tsaya Kachia, na ɗora doya da ƙwai, na kora da lemon kwalba biyu. Danladi yana haɗiyar yawu, ni kuwa ina yi masa wa'azin cewa ciki ba a yi shi don ado ba.

Kachia zuwa Sabon Tasha

Sha ɗaya saura muka sauka, keke ya kai mu asibitin. Ofishin likitar yana hawa na ɗaya. Matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta gama da Danladi, ta tura shi a ɗebi jini, sai ta juyo kaina.

"Malam, wannan hakin fa?"

"Bene ne, likita."

"Shi marar lafiyar ma ya hau, bai yi haki ba. Miƙe tsaye."

Ta buɗe aljihun tebur ta fito da tef, irin nawa sak, har launin. Ni da na san ƙugun rabin mazan Kafanchan a ka, ban san nawa ba. Wandon zariya nake sawa, shi kuwa ba ya tona asirin kowa. Ta zagaya ni da tef ɗin, ta ce, "Arba'in da shida." Na ce ta sake, ta sake. Ta auna hawan jini sau biyu, sannan ta tambaye ni ko mahaifina yana raye, da na ce a'a ta tambayi abin da ya kashe shi.

Na gaya mata. Babanmu a kan keken ɗinki ya kife, bakinsa ya karkace, kwana huɗu ya cika. Shekararsa hamsin da ɗaya, kuma har yau dangi cewa suke jifa aka yi masa. Ni ina da arba'in da tara, a kan keken nan nasa nake ɗinki.

"Me ka ci yau?" in ji ta. Danladi ya dawo da auduga a hannu, shi ya lissafa mata, bai bar ko lemo ɗaya ba. Ta ce in dawo gobe da safe, ban da ruwa kada in sa komai a baki.

A gidan yayar Danladi, Mama Rifkatu, muka kwana, ta shimfiɗa mini tabarmar salla a falo. Da safe ta soya dankali tuli. Da na ce ba zan ci ba, ta tsaya da faranti a hannu. "Malam Sani, abincina ne ba ka so, ko don mu Kirista ne?" Kunya ta kama ni, sai da Danladi ya yi mata bayani da yarensu. Ta ce za ta sa ni a addu'a.

Laraba: sakamako

Takwas aka ɗebi jinina, ƙarfe ɗaya aka kira mu. Na Danladi ta fara buɗewa: tsutsar ciki ce ta janyo masa ƙarancin jini, magani da ganye za su tashe shi. Suga lafiya, kitse lafiya. Ya ce, "Na gode Ubangiji."

Nawa kuwa jan rubutu ya yi yawa a takardar. Suga ya haura, kitsen jini ya haura. Ta ce tumbi, hawan jini, suga da kitse tafiyarsu ɗaya, ko uku suka haɗu a jikin mutum abin dubawa ne, ni kuwa huɗu na tara. Sai ta ɗora biro a kan wani layi.

"Wannan si-ar-pi ne. Hanta ke fitar da shi idan akwai kumburi a jiki. Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Ciwon haƙori? Wani rauni?"

"Rabona da kwanciya shekara biyar. Kuma ni ban ga inda na kumbura ba."

"Ba a ganinsa. Kitsen tumbi ke hura shi a hankali, yana cin hanyoyin jini, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don haka za mu maimaita bayan mako biyu. Amma idan aka haɗa shi da sauran, hanyar mahaifinka ka kama."

Na tambaye ta ko an makara. Ta ce a'a, ta rubuta maganin hawan jini, ta hana ni lemon kwalba da shayi mai kauri, ta ce in riƙa tafiya da ƙafa kullum.

Komawa

Biyu da rabi muka bar Sabon Tasha, kuma a karon farko na ji kunyar kujera biyu. A Kachia mai balangu ya ƙwala mini "Alhaji", na kau da kai. Danladi yana cin lemon zaƙi, bai rama tsokanar jiya ba ko sau ɗaya, wannan ya fi yi mini zafi. Abin da kawai ya ce shi ne, "Asabar ka zo Kagoro. Fartanya biyu ne a gidana."

Ana kiran magariba muka shiga Kafanchan. Washegari na zauna kan keken Baba, wani tsohon abokin cinikina ya zo awon babbar riga da wando. Na zagaya shi da tef, arba'in da huɗu, bara arba'in da biyu ne. Shekara ashirin ina cewa "Masha Allah, an ƙaru" a daidai wannan gaɓar. Ya tsaya yana jira in faɗa, na kasa. Na jawo masa kujera, na fito da takardar gwajina ta asibiti.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Mama Rifkatu da likitar nan mai tef. Danladi kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba. Na fita da sunan na raka marar lafiya asibiti, ashe shi ya raka ni.