Ƙaramin Yatsan Baba Ya Kai Mu Yola

Ana idar da sallar asuba muka bar Briqueterie, unguwarmu da ke Yaoundé, ni da mahaifina, da jaka biyu da ƙunshin kilishi na tsaraba. Yola muka nufa. Ranar Juma'a za a ɗaura auren 'yar wansa, kuma Baba ne waliyyin amarya. Mako guda ya yi yana shaida wa masu sayen tsirensa cewa idan bai isa ba, babu aure.

Hanyar Bertoua lafiya lau take, kore ko'ina, mata suna miƙo ayaba da gasasshiyar masara ta taga, ga araha. Duk inda mota ta tsaya sai Baba ya sauka ya duba masu tsire. Bai sayi ko tsinke ɗaya ba, amma ya kushe kowa: wannan ya cika yaji, wancan bai san wuta ba. A Ngaoundéré muka sha kindirmon da har yau ina tunawa da shi, a Garoua kuwa zafi ya sa na cire hula na riƙe a hannu.

Da hantsin Juma'a muka isa kan iyaka. Rabon Baba da wurin tun ana rubuta suna a wani ƙaton littafi. Yanzu na'ura ce: a ɗauki hoton fuskarka, ka ɗora yatsa a kan ɗan gilashi, fitila ta yi kore ka wuce. Ni ban ɓata minti biyu ba.

Baba ya ɗora babban yatsa, fitila ta yi ja. Ya ɗora manuni, ja. Shekara talatin yana juya tsinke a kan garwashi da hannu, zanen yatsunsa ya goge sumul kamar bayan cokali. Jami'ar da ke wurin, mace mai haƙuri, ta sa ya shafa yatsun a goshi ya sake gwadawa, duk a banza. Ta ce idan ko ɗaya bai kama ba, sai mu jira shugabanta, shi kuma sai bayan la'asar zai dawo. Aure ƙarfe biyu ne. Ni kuwa gaskiya tsoro ya kama ni.

Yatsu tara suka faɗi. Saura ɗan ƙaramin na hagu. Baba ya yi bisimilla ya ɗora shi, fitila ta yi kore.

Jami'ar ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan ne malalacin gidan, bai taɓa zuwa bakin wuta ba."

"Ai yau ya yi aikinsa, 'yata," in ji Baba.

Muka isa masallaci ana tayar da salla. Baba ya bayar da aure da babbar murya, shi da wansa suka rungume juna suna hawaye, muka ci tuwo da miyar zogale har na kasa miƙewa. Da za mu dawo, Baba bai ɓata wa kowa lokaci ba, ƙaramin yatsan kawai ya miƙa.

Na dawo gida da sanin cewa na'urar ta rage wahala sosai, sai dai har yanzu tana buƙatar mai haƙuri a gefenta, saboda masu hannun aiki irin na Baba. Shi kuwa idan ka bi ta teburinsa da yamma, za ka gan shi yana juya tsire da ƙaramin yatsan hagu a ɗage sama, nesa da garwashi. Abokansa suna ta tsokanarsa, ko a jikinsa. Ya ce amarya za ta haihu, kuma wannan yatsan ne zai sake kai shi Yola ranar suna.