Tabon da ke kan azurfar tsohuwa

A shekarun da nake ba ku labari ni mai ɗaukar hoto ne a Birnin Ƙonni, ina da ɗan shago kusa da tasha, yawancin aikina hoton katin shaida da na biki. Amma abin da ya shiga raina shi ne tsofaffin kuɗi. Kwabo mai huji, anini, tamma, duk inda na ji labarinsu sai na je, in saya ko in roƙa a bar ni in ɗauki hoto. Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita, ba na ɗaukar kuɗi da dauɗa. Sai na dirje shi da toka da lemun tsami, yadda mata ke yi wa tire, ya yi fes, sannan ya ga kyamara.

Wata ranar kasuwar Illela wata mata da ta ji labarina ta ce in zo in ga ajiyar mahaifiyarta. Tsohuwar ta ciro wani ɗan akwati daga ƙasan kwalla, ta buɗe. Kuɗin azurfa ne, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, irin wanda ake bugawa don ajiya, ba don kashewa ba. Fuskarsa kamar madubi har na ga idona a ciki, zanen tsakiya kuwa fari fat. Na riƙe kuɗi iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya mayar mini da kallo ba sai wannan. Ɗiyar ta ce wani Bature da mahaifinta ya yi wa tuƙi a Malbaza ne ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu. Na roƙi aro in kai shago inda nake da fitilu. Tsohuwar ta ce ta yarda, amma in dawo mata da azurfar yadda take, don ita kaɗai malam, marigayi mijinta, ya bari. Ba ta ƙara komi ba, ni ma ban tambaya ba.

A shago na ɗauki hoto ɗaya don gwada haske, sai na lura da wani tabo ruwan ƙasa a gefe. Raina ya ce abin kunya ne in mayar wa dattijuwa kayanta da datti, gara in faranta mata. Na ɗauko tokata da lemu. Tabo ya fita, amma madubin ma ya tafi tare da shi, azurfar ta dushe, duk ta yi ƙarce. Na buɗe hoton gwajin a ordinata, wato kwamfuta, don in ga abin da na ɓata, na ƙara masa girma, sai na ga abin da tabon yake. Tabon zanen babban yatsan mutum ne, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, da wani yanka da ya ratsa su. Na zauna ina salati, ina kallon yatsan wanda, daga baya na sani, ya daɗe a kabari.

Na wanke hoton babba, na koma Illela, na durƙusa na faɗi abin da na aikata. Tsohuwar tana ta juya azurfar a tafinta. Ɗiyar ce ta gaya mini cewa mahaifinta bai bar hoto ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya taɓa fuskar kuɗin, ranar da aka ba shi, hannunsa da gumi, sai shekaru suka fito da sawun. Shi uwar take buɗe akwati ta duba, kunya ce ta hana ta gaya wa baƙon namiji cewa yatsan mijinta take kallo. Na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta bi layukan da farce, ta tsaya kan yankan. Ta ce lauje ne ya yi masa shi shekarar aurensu, ita ta ɗaure masa da bakin kallabinta, kuma idonta ya daɗe da daina ganin yankan a jikin azurfar. Sannan ta sa mini albarka. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Har yau ina mamakin ikon Allah, yadda gumin rana ɗaya ya zauna kan ƙarfe har mai shi ya tsufa ya rasu, ni kuma na share shi kafin shayi ya huce. Masu tara kayan da, ku ji tsoron hannunku, kar ku wanke abin da ba ku san tarihinsa ba. In tsoho ya ce a dawo masa da abu yadda yake, ku zauna ku tambaye shi abin da yake gani a jikinsa. Hoton yana rataye a ɗakinta yanzu, amma takarda ce kawai. Wurin da mijinta ya taɓa, ni na goge shi.