Ranar Alhamis a Gonar Goggo Velomary

A ƙauyenmu da ke kan hanyar Andapa babu wanda bai san Goggo Velomary ba, mai ɗaura wa furen banila aure, shukar nan da ake sa 'ya'yanta a kek don ƙamshi. Tun tana 'yar shekara tara mahaifiyarta ta damƙa mata ƙayar lemo, yau ta haura sittin, ƙayar ce dai a hannunta. Furen banila safiya guda yake buɗewa, kafin rana ta take ya yanƙwane. Ita kuwa sai ta bi kurangar da ta hau bishiya, ta sa ƙayar ta ɗaga 'yar fatar da ta raba namijin furen da macen, ta matse su da babban yatsa, ta yi gaba. Daga nan sai jira, wata tara cur.

Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da hatiminsa, wani guntun katako mai allurai biyar. Kowane gida da nasa zanen. Tun 'ya'yan banila suna kore ake danna musu shi, tabon ya zauna har bayan sun bushe sun yi baƙi. Mutane kan danna a tsakiyar sili, wato dogon ɗan banilan, ita kuwa Goggo can sama take dannawa, yatsu biyu daga hannun da ya riƙe ɗan itacen a kuranga, don haka ta ga mijinta yana yi.

Bana tsoron ɓarayi ya sa maƙwabta sun tsinke nasu tun bai nuna ba. Har maƙwabciyarta Soazara ta leƙo ta katanga.

"Goggo, ki kwashe abinki mana! Sai sun yi miki ƙarƙaf?"

"In kwashe ɗanye? Ke da wata bakwai kika haifi naki?"

"Ai nawa babu mai sace su, cin shinkafa kawai suka iya."

Goggo ta yi dariya, amma ba ta tsinka ba. Ta kafa 'yar bukka a gona, can take yini, can take dafa ganyen rogonta da kwakwa. Sai dai ranar Alhamis. Kakanninmu sun hana a taɓa aikin gona ranar Alhamis, kuma Goggo ba ta taɓa ƙetare wannan ba ko sau ɗaya. Duk Alhamis tana gida, tana tankaɗe, tana wanki.

Saura kwana goma sha biyu hukuma ta buɗe kasuwar ɗanyen banila, wanda ba a busar ba tukuna, aka shiga mata gona. Ranar Alhamis, da rana tsaka, gari kowa yana gida. Wanda ya yi wannan aiki ya san Alhamis, ya san Goggo, wataƙila ma ya sha shayi a ƙofarta. Ba tsinka kawai suka yi ba, fizga suka yi, kurangogin da ta yi shekara huɗu tana reno kafin su fara fure suna zube a ƙasa kamar tsumma. Na ga gonar da safiyar Juma'a.

Goggo ba ta yi kuka ba. Ranar buɗe kasuwa ta ɗaura zanenta mai kyau, ta soke hatimi a ƙugu, ta shiga bin buhuna ɗaya bayan ɗaya. A gaban sikelin dillali Jaotombo ta tsaya. Ta zaro sili guda, ta zaro na biyu, ta zaro na goma. Kowanne an kankare shi da reza, can sama, yatsu biyu daga hannunsa.

"Jaotombo, wa ya kawo maka wannan?"

"Haba Goggo, ni ina kallon fuska ne? Sikeli nake kallo."

"To kalli nan. Wa ke danna hatimi a nan duk garin nan in ba ni ba?"

"Ina hatimin? Ni dai ƙujewa nake gani. Ko ɓera ne ya ɗanɗana."

"Ɓera mai reza! Ɓeran da ya san Alhamis!"

Mutane suka taru. Aka kira mai gari, Bezafy, ya zo yana share gumi. Ya ɗaga silin sama, ya juya shi, ya shinshina, kamar hanci zai gaya masa abin da idonsa ya riga ya gani.

"Yaya Velomary, ki yi haƙuri. Ƙa'ida ta ce zane ne shaida. Babu zane, babu magana."

"Bezafy, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi girbin shinkafa. Dube ni ka ce ba nawa ba ne."

Bai dube ta ba. Kowa a wurin ya san nata ne. Soazara ta sani, masu ɗaukar buhu sun sani, Jaotombo ya fi kowa sani. Amma babu bakin da ya buɗe, don kowa gobe zai kawo nasa gaban sikelin nan. Aka ɗaure buhun a kan idonta, aka jefa shi bayan mota. Can za a tsoma shi a ruwan zafi, a naɗe shi a bargo ya yi gumi, a shanya shi wata da watanni, ya ƙare a cikin kek ɗin wasu mutane a hayin teku, waɗanda ba za su taɓa jin sunan Velomary ba.

Da ta koma gona, a gindin wata bishiya ta tarar da sili goma sha ɗaya da ɓarayin suka tsallake. Ta bar su sai da bakinsu ya yi rawaya, ta gyara su da kanta, kullum tana murza su da yatsu har suka yi baƙi suna sheƙi. Jaotombo ya aiko yana so. Ta ce a gaya masa ɓera ya cinye. Ta tsaga guda, ta kankare baƙin ƙwayoyin cikinsa a ƙullun wainar shinkafa. Shekara hamsin tana noman abin nan, sai ranar ta fara sa shi a bakinta.

"Ashe abin da suke ci ke nan," in ji ta. Ta miƙa wa Soazara waina biyu.

Ta ɗaga kurangogin da suka rage ta mayar da su kan bishiya. Da fure ya sake fitowa ta koma da ƙayarta. Ranar Alhamis ta farko bayan 'ya'ya sun kama, aka ga ta ɗauki tabarma ta nufi gona. Bezafy ya tare ta a hanya.

"Yaya, yau fa Alhamis. Kakanni fa?"

"Aiki suka hana. Zama zan yi. In suna da magana su zo su same ni, su gaya mini ina suke ranar da aka shiga."

Tun daga ranar, duk Alhamis tana can a kan tabarma, hannuwanta a cinya, ko ganye ba ta tsinka. Tsoro bai sake ta ba, kafin ta zauna takan zuba ɗan zuma a ƙasa ta nemi gafarar magabata. Amma tana zaune, adda a gefenta.