Abu Nizar, Mutumin da Ya Cika Mana Tebura

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ana tsakiyar tsinkar inabi a kwarin Beka, Allah ya karɓi ran Rafik Sumaili, wanda duk garin Zahle ya sani da Abu Nizar. Ya cika da hantsi a gidansa da ke Sa'adnayil, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar wata biyar. Na Allah ne mu duka, Musulminmu da Kiristanmu, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma.

Ni ce Najla, Imm Jirjis, mai gidan abinci a ƙauyen Furzul. Labarin ya iske ni ina daka naman kibbe a turmi, abincinmu na nama da alkama. Ba daga bakin iyalinka na ji ba, Abu Nizar. Direban da ke kawo mana kayan lambu ne ya faɗa yana sauke kwandon tumatir, ya ce, "Af, kin ji tsohon nan na otal ya rasu?" Sannan ya tambaye ni ko ina son ƙarin latas. Shekara ashirin da shida da saninmu, amma a haka na ji mutuwarka, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Shekara talatin da huɗu ka yi a teburin karɓar baƙi na tsohon otal ɗin nan da ke kan hanyar kogi. Aikin da aka ɗauke ka dominsa miƙa makulli ne da amsa waya. Amma duk baƙon da ya sauko da safe ya ce ina zai ci abinci, ina zai ji kiɗa, wace gonar inabi zai leƙa, ba ka amsa masa nan take. Sai ka tambaye shi da wa ya zo, me ya ci jiya, yana neman hayaniya ne ko ita ya gudo daga Beirut. In ka gama auna shi, ka juya katin otal ka rubuta masa wurare uku a baya. Ba ka taɓa wuce uku ba. Ka ce wanda aka ba wuri goma, a mota zai wuni.

Ka fara zuwa wurina ne shekarar da Taniyos, mijina, ya rasu. Tebur huɗu gare ni a ƙarƙashin rumfar inabi, ina share su safe da yamma, ba mai zama sai ƙudaje. Wata Lahadi kuka shigo kai da maiɗakinka Hiyam, Imm Nizar. Ka ci kibbe, ka ci ganyen inabi naɗaɗɗe, ka goge baki, ka kira ni.

"Imm Jirjis, wa ya koya miki wannan kibben?"

Na ce surukata ce.

"Allah ya jiƙanta. Mace mai hannu. Sai dai ta ɓoye miki gishirin."

Na ce, "Ustaz, in bai yi maka ba, ga ƙofa can, ba a kulle take ba."

Ka yi dariya har sai da Imm Nizar ta zungure ka. Na shiga kicin ina cewa a raina ga mutumin da ba zan sake gani ba. Lahadin da ta zagayo motoci biyu suka tsaya a ƙofata. Wani dattijo ya miƙo mini kati, na juya bayansa, sai ga rubutunka: "Furzul, bayan coci, ƙofa shuɗiya. Ku ci abin da ta ajiye muku, kada ku yi gardama. Tana da zafin kai." Da waɗannan katunan na yi wa ɗana Jirjis karatu, na aurar da ƙanwarsa, tebur huɗu suka zama talatin. Sau nawa na aika maka da tulun man zaitun ka mayar? Ka ce ranar da ka karɓi abu daga hannuna, ranar baƙi za su daina yarda da bakinka.

Ba ni kaɗai ba ce. Lokacin da ka fara tura wa Hawaja Mishal mai giyar inabi mutane, ganga shida gare shi a wani kogon dutse bayan gidan ubansa, da kansa yake manna takarda a kwalba. Kai kuwa ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinka ba. Mai salla ne kai, shimfiɗarka na naɗe ƙarƙashin teburin nan. Fuskar waɗanda suka dawo kake dubawa, ka saurari abin da suke faɗa wa juna a matakala. Direbobi sukan tsokane ka, su ce, "Ustaz, kai da ba ka sha, ta ina ka san mai kyau?" Sai ka ce, "Haihuwa ma ban taɓa yi ba, amma in matarka ta fara naƙuda zo in nuna maka ungozoma."

Akwai kuma Shafik, mai kaɗa ud, molonmu na Larabawa, mutum mai kunya kamar sabuwar amarya, wanda yake zama ranar Alhamis da la'asar a wani ƙaramin gidan kofi a bakin kogin Bardawni. Da ba don kai ba, da agwagin kogin kaɗai zai yi ta yi wa kiɗa. A katinsa kakan rubuta, "Ku zauna kusa. Kada ku tafa sai ya ɗaga kai."

Shekara shida da suka wuce aka sayar da otal ɗin. Sabon manaja ya zo da wata takarda mai sheƙi, mai hotuna, wadda aka jera wuraren da suka shiga yarjejeniya da otal. Ya ce daga yau ita za a miƙa wa baƙi, a daina rubuce-rubuce a bayan kati. Ka karɓa, ka jera su a gefen tebur, ka ci gaba da rubutunka. Da ya ja maka kunne karo na biyu, ka ce masa akwai wurare biyu a takardar nan da ba za ka tura ko maƙiyinka ba. Kafin wata ya ƙare aka sallame ka. An ba ka agogon bango da hoton otal a jiki.

Abin da ya fi ƙona rai, kalmomin da ke cikin takardar mai sheƙi naka ne. Mutanen otal sun tattara tsofaffin katunanka daga wurin baƙi da masu shara, suka kwafe, suka cire barkwancin, suka bar yabon. A ƙarƙashin hoton gidana an rubuta, "Ku ci abin da ta ajiye muku." Sunanka bai fito ko a gefe ba.

Na ce hoton gidana, domin ni ma ina ciki. Hawaja Mishal ne ya fara sa hannu, sannan manajan ya hawo Furzul da kansa. Jirjis ya zaunar da ni ya ce, "Mama, manyan motocin baƙi yanzu daga otal suke tashi. Abu Nizar ba shi da tebur, ba shi da kati. Mu yi ta jiran mutum biyu-biyu har yaushe?" Da na ga dama da na ce a'a, gidan nawa ne, ba na Jirjis ba. Na sa hannu. Ban ma zo na gaya maka ba, na bari ka gani a takarda. Shafik kuwa babu wanda ya nema. Gidan kofin ya sayo manyan lasifiku, ya tattara ud ɗinsa ya koma gida.

Kai ba ka koma gida ba. Ka samu kujera a shagon mai kofi da ke fuskantar otal, kana yanka kwalin alewa ƙanana kana rubutu a kai. Tsofaffin baƙi suna tsallaka titi su same ka. Kuma sunana bai fita daga cikin ukun nan ba; mutane suka ci gaba da zuwa da guntun kwali a hannu, ni kuma ina karɓa ina zura wa aljihu ba tare da na karanta ba, don na san in na karanta abincin ranar ba zai yi daɗi ba.

Bara Hawaja Mishal ya buɗe sabon zaurensa mai bangon gilashi a tsakiyar gonar. An yanka raguna, an kawo makaɗa daga Beirut, an yi jawabai a kan yadda kwarinmu ya zama wurin zuwan duniya. Hawaja Mishal ya tashi ya ce da gumin goshinsa kaɗai ya kai inda ya kai. Ina wurin, na tafa tare da kowa. Na duba kujeru ban gan ka ba, na kuma san ba mantuwa aka yi ba, tunda manajan otal ne a kujerar gaba.

Yanzu zan faɗi wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Lahadi cikin Agustan bara, motoci biyu manya daga otal sun cika mana gida, sai ga ka a ƙofa kai da Imm Nizar, ka sa farar rigarka mai guga. Ta tagar kicin na hango ku. Jirjis ya tare ku yana sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi Baba, yau ko kujera ɗaya babu, duk na mutanen otal ne." Na ji da kunnena. Tsakanina da ku taku goma ne. Akwai teburin da muke yankan albasa a kai, da na share shi na shimfiɗa ƙyalle an wuce wurin. Amma ma'aikacin otal da ya rako baƙin yana tsaye a gefe, sai na duƙar da kai a kan tukunya kamar za ta ƙone.

Ka dafa kafaɗar Jirjis ka ce, "Ba komai, ɗana. Ai cikar nan muka yi ta roƙo. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce kada ta fito, na san wuta take kai."

Ka san na gan ka. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Da na ji ka kwanta cikin watan Mayu, na ce zan je in baƙi sun ragu. Yuni ya wuce, Yuli ya wuce. Daga Furzul zuwa Sa'adnayil bai kai tafiyar rabin sa'a ba. Gaskiya ba baƙi ne suka hana ni ba. Fuskarka nake tsoro, don na san ba za ka nuna mini komai ba sai murna.

Na je zaman makoki rana ta biyu. A rumfar maza na hango direbobin tasi, da tsofaffin masu gyaran ɗakin otal, da Shafik a can ƙurya ya haɗa kai da gwiwa. An ce shi ne ya riƙa zuwa duk Alhamis tun da ka kwanta, yana kaɗa maka a hankali a bakin gado. Daga otal ba wanda ya zo. Hawaja Mishal ya aiko da furanni, dami guda da ya fi ƙofar gidan faɗi, da sunan giyarsa rubuce da ruwan zinariya a kan ƙyalle, zuwa gidan da ake karatun Alƙur'ani. An jingine shi a bayan gida kusa da tankin ruwa.

Na shiga wurin mata. Imm Nizar ta ɗago ta dube ni, ta matsa gefe a kan kujera.

"Imm Jirjis, kin zo? Zauna. Mu a nan akwai wuri."

Na zauna. Aka miƙo mini kofi mai ɗaci, na kasa kai shi baki. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Makonsa uku na ƙarshe ba abin da yake zama a cikinsa. Kullum sai ya ce da zai samu kunun kishkin Imm Jirjis, mai tafarnuwa, da ya sha. Na ɗauki waya zan kira ki, ya riƙe mini hannu. Ya ce kada a dame ki, lokacin baƙi ne."

A makonnin nan da take magana a kai, kishkin bana, wato alkama da nono da muke busarwa mu niƙa, yana shanye a kan rufin gidana, ya fi buhu uku.

Ban zo neman gafararka ba, Abu Nizar. Na san ka. Kafin in rufe baki za ka ce ba komai, ni kuwa ban cancanci wannan sauƙin ba. Na rubuta ne don duk wanda ya ci abinci a kwarin nan, ko ya zaga gonar inabi, ko ya zauna a bakin kogi ya ji daɗi, ya san wanda ya fara nuna hanyar, ya kuma san abin da muka saka masa da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Imm Nizar, wadda ta fi mu sanin abin da aka rasa. Ga Nizar, wanda jirginsa daga Kanada ya sauka bayan an riga an rufe mahaifinsa. Ga 'yar'uwarsa Lamis da 'ya'yanta. Ga mutanen Sa'adnayil baki ɗaya. Da Shafik, wanda shi kaɗai a cikinmu zai iya shiga gidan nan kansa a ɗage. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Ya Allah, ga bawanka Rafik ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sanya ciwon da ya sha ya zama wankin zunubi. Ka karɓe shi karɓar da ta fi wadda ya samu a hannunmu. Mu kuma da muka rage, ka ba mu kunyar da za ta gyara mu kafin namu lokacin ya zo. Amin.